Koperatif ɗin Yaya

Mahaifinmu shi ne mai awo a koperatif ɗin gyaɗa na garinmu, kudu da Damagaram, tun zamanin da gyaɗa ke da daraja. Ko bayan da kasuwar gyaɗar ta mutu, aka rufe mangazar da ake ajiye gyaɗar, sikeli ya yi tsatsa, sunan bai bar mu ba. In baƙo ya sauka a tasha yana neman gidanmu, sai a ce masa, "Gidan koperatif? Bi nan." A lekol ma, wato makarantar boko, 'ya'yan koperatif ake ce mana. Ban taɓa tambayar kowa ma'anar kalmar ba. A wurina suna ne kawai, kamar yadda ake cewa gidan liman ko gidan maƙera.

Yayana, wanda ya ba ni shekaru masu yawa, shi ya fara zuwa Faransa. Ya yi dako a kasuwar Rungis har sanyi ya zauna masa a gwiwa, sannan ya sayi wata tsohuwar kamyonet, ƙaramar motar kaya, ya shiga sana'ar aika kaya gida. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san sana'ar. Mutum ya cika shuɗin duro da tufafi da man shafawa da takalman yara, wani ya kawo firji, wata keken ɗinki, a tara su a depo har su isa kwantena, a sa a jirgin ruwa, daga bakin teku mota ta kai su Yamai ko Maraɗi ko Garwa ko Njamena. Allah ya sa wa abin albarka. Ya kama depo a Aubervilliers, a gefen Paris, tsakanin manyan shagunan 'yan Sin masu sari, ya ɗauki ma'aikata, motoci suka zama uku. A allon ƙofa da jikin kowace mota ya sa aka rubuta Coopérative da manyan baƙaƙe, sunan garinmu a ƙasa. Mutanenmu ba su ma kiran sunan garin. Sai dai ka ji an ce, "Na kai wa koperatif," shi ke nan, hankali ya kwanta, kaya za su isa.

Ni aure ya kai ni Lyon. Da yarana suka tasa, Yaya ya ɗauke ni aiki, ya kama min wani ɗan shago a unguwar Guillotière inda mutanen can ke kawo kayansu, ina aunawa, ina liƙa suna, mota ta zo daga Paris ta kwashe.

Wata Asabar da safe, motar tana tsaye a ƙofar shago ana lodi, sai ga wata Bafaranshiya maƙwabciyarmu, mai aiki a wani kantin kayan abinci da ke ƙasan titi. Mun saba gaisawa daga nesa. Ran nan ta tsallako da fara'arta, ta miƙo min hannu, ta ce ashe 'yan uwan juna ne mu ba ta sani ba. Kantinsu ma koperatif ne. Akwai taron da masu koperatif na yankin ke yi, tana so mu zo. Ta tambaye ni mu nawa ne a ciki, kuma yaushe muke babban taronmu na shekara.

Na ce, "Wane taro, madam? Ai na yayana ne."

"Shi kuka zaɓa ya shugabance ku, kike nufi?"

"A'a, nasa ne. Shi ya kafa, shi ke da shi."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Na ga fara'ar ta bar fuskarta. Ta waiwaya ta sake karanta jikin motar, ta dube ni, ta rage murya kamar wadda za ta gaya min an yi rasuwa. Ta ce a ƙasar nan ba kowa ke da ikon sa wannan kalmar a sunan kasuwancinsa ba. Akwai doka a kanta, tsohuwar doka. Sai kamfanin da na mutanen cikinsa ne da gaske, suna da murya daidai wa daida, shi kaɗai ke iya kiran kansa haka. Wanda ya sa ta ba bisa ƙa'ida ba, duk mai ruwa da tsaki na iya kai shi gaban alƙali, a tilasta masa gogewa, in ya yi jinkiri tara ta riƙa hawa kansa. Ta ce ita ba za ta kai mu ko'ina ba, amma ba kowa ne zai yi shiru ba.

Dariya na fara yi, don na ɗauka ban fahimci faransancinta ba ne. Na ce, "Kalma? Ana hana mutum kalma?" Na san dokar takardun zama, na san ta ajiye mota, na san ta yanka rago, duk mun sha su. Amma a ce baƙaƙen da ke jikin motarka laifi ne, wannan ban taɓa ji ba. Ta ce in tambayi mai riƙe mana lissafi. Ta koma kantinsu, ni kuwa na tsaya riƙe da sikoci a hannu na manta abin da zan liƙa.

Na kira Yaya. Muka gaisa a gurguje irin ta waya, na gaya masa. Ya ce, "Sunan gidan ubanmu ne. Su suka raɗa mana?"

Na so in ce masa ai kalmar tasu ce tun asali, amma na san Yaya, na haɗiye.

Sati na zagayowa na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka tafi wurin kontabul tare, don Yaya ya ce yana so in ji da kunnena cewa matar nan surutu kawai take. Kontabul ɗin dattijo ne mai haƙuri, ya daɗe yana yi wa Yaya lissafi, sai dai bai taɓa taka depo ba, kuma a takardun gwamnati wani suna ne daban da babu kalmar a ciki. Yaya ya nuna masa hoton mota a waya yana murmushi. Mutumin ya cire tabarau, ya dafe goshi.

"Tun yaushe wannan ke jikin motocinka?"

"Tun ta farko."

"A allon ƙofa ma?"

"Har da katin da muke rabawa."

Ya ce matar ta faɗi gaskiya, sa'a kawai muka yi ba wanda ya kula. Hanya biyu ce. Ko a goge kalmar ko'ina, a ci gaba kamar da, ko kuma a mayar da kamfanin koperatif na gaske, na ma'aikatansa.

Yaya bai ko numfasa ba ya ce, "Ta biyun."

Kontabul ya ɗaga hannu. Ya ce a saurare shi tukuna. In aka yi haka, ma'aikata su ne masu kamfani. Kowa zai sa ɗan abin da ya samu ya zama mai rabo. A wurin yanke shawara kuma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ba a duba wanda ya fi zuba dukiya. "Kai da mai share depo daidai kuke ranar taro, Alhaji. Su za su zaɓi shugaba. In sun ga dama su zaɓi wani."

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Yarana ne fa. Wanne ne a cikinsu ban ɗauko daga bakin gar ɗin jirgin ƙasa da jakarsa ba? Rubuta kawai."

Kontabul ya dube ni kamar mai neman taimako. Ni kuwa a lokacin ina bayan Yaya ɗari bisa ɗari. Na ga takarda ce za a cika don a rufe bakin doka, kamar sauran takardun ƙasar nan da ba su ƙarewa.

An ɗauki watanni ana kai da kawo, aka gama. Mu tara muka zama masu kamfani. Ranar sa hannu matar Yaya ta dafo shinkafa da miyar taushe, aka ci a depo, kontabul ya ce masu son Alhaji ya zama shugaba su ɗaga hannu, hannaye suka tashi gaba ɗaya, wasu da cokali a ciki. Aka ba shi wa'adin shekara biyu. Kalmar ta zauna a jikin motoci da izinin hukuma. Na je har kantin maƙwabciyata na gaya mata, ta rungume ni.

Ba abin da ya canza. Yaya ya ci gaba da riƙe depo yadda ya saba, kuma dole in faɗi yadda ya saba ɗin. Mutum ne mai kyauta. In matar ma'aikaci ta haihu, shi ke sayen rago. In wani ya rasa wurin kwana, falon gidansa da ke Sevran, a bayan Paris, a buɗe yake. Amma ba a ce masa a'a. Lokacin zafi, sa'ad da kowa a ƙasar nan ke tafiya hutu, shi ne lokacin da kaya suka fi yawa, don haka ba mai zuwa ko'ina. Lahadi ana lodi. In ya ga dama ya canza ranar tashin kwantena a waya, daga cikin mota, ba tare da ya gaya wa masu ɗauka ba. In abu ya ɓaci ya yi faɗa a gaban masu kawo kaya, gobe ya manta, ya kawo tsire. Ni ina Lyon, abin da ke isowa gare ni kaɗan ne, kuma a ganina haka manya suke. Haka mahaifinmu yake a bakin sikeli.

Mutum uku ya kamata a sani cikin ma'aikatan. Akwai wani dattijo mutumin Garwa, shi ya fi kowa daɗewa, shi ke kula da tsarin kaya a depo, ba ya magana sai ta kama. Akwai wata yarinya 'yar Jos, Kirista, da ta zo karatu ta tsaya, ita ke kan na'ura tana amsa waya, Hausarta cike da turancin Ingilishi. Sai ɗan Yaya na fari, haifaffen Sevran, saurayi mai faɗin kafaɗa da ya kusa talatin, shi ke tuƙo mota zuwa Lyon. Hausarsa rabi ce, sauran faransanci. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa ubansa murya ba.

Da wa'adin ya cika aka kira taro. Na zo daga Lyon da safe. Bayan azahar muka zauna a depo, wasu a kujera, wasu a kan duro, kontabul na gefe da jakarsa. Ya karanta yadda shekara ta kasance. Aka zo kan zaɓen shugaba.

Yaya ya duba agogo ya ce, "To, a ɗaga hannu mu tashi, akwai lodi."

Sai 'yar Jos ta ce, "Alhaji, da an yi da takarda."

"Takardar me?"

"Kowa ya rubuta a ɓoye, a ninke. Ai an ce muna da dama."

Kontabul ya ce haka ne, in an nema ana yi. Kafin Yaya ya amsa, ɗaya daga cikin direbobin, ɗan Chadi, ya ce shi yana ba da sunan Malam na Garwa. Duk muka juya. Dattijon yana kallon ƙasa. Kontabul ya tambaye shi ko ya yarda. Ya ce, "In mutane sun so."

Yaya dariya ya yi. Ya ce, "Yau siyasa ta shigo depo. A kawo takarda!" Aka yayyage wata farar takarda, aka karɓi hular direban. Yaya ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya ɗaga ya nuna wa kowa, ya ce shi ba ya ɓoye-ɓoye, ya jefa. Ni na juya baya na rubuta sunan yayana, na ninke. Hular ta zaga.

Kontabul ya riƙa buɗewa yana karantawa. Ta farko Malam na Garwa. Ta biyu ma shi. Ta uku Yaya, har ya ce, "Yauwa." Ta huɗu Malam na Garwa, ta biyar haka. Da ya kai ƙarshe ya jera su a kan duro kashi biyu, ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Malam na Garwa bakwai. Alhaji biyu.

Ba wanda ya motsa. A waje ana jin ƙarar keken ɗaukar kaya na maƙwabta yana ja da baya. Yaya na zaune, murmushin bai gama barin bakinsa ba, kamar wanda aka gaya wa magana da yaren da bai iya ba. Na ga leɓɓansa na motsi. Ya san tasa, kowa ya gani. Ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, don ya san ɗayar tawa ce. Da na sani da ban gyaɗa ba, amma ban kai ga lissafin da shi ya riga ya kai ba. Sai da na ga ya juya a hankali ya dubi ɗansa, sannan abin ya sauko min. Biyu. Tasa da tawa.

Yaron yana tsaye jingine da bango, hannayensa a aljihu. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kalli uban ba. Ƙofa yake kallo.

Na ji bakina na cewa innalillahi ba tare da na yi niyya ba.

Yaya ya tambayi kontabul, "An gama?"

"An gama, Alhaji. Amma kana nan a matsayin mai rabo, kuma aikinka..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya miƙe, ya ciro tarin makullai daga aljihun riga, ya ajiye a kan duro kusa da takardun. Malam na Garwa ya tashi da sauri yana cewa, "Alhaji, don Allah, Alhaji," Yaya ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Na ɗauki jakata na bi shi.

A waje ya nufi motar da ya zo da ita, ya sa hannu a aljihu, sannan ya tuna makullinta na cikin waɗanda ya ajiye. Ya tsaya a gefenta. Ya juya ya kama hanyar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ƙafa, ina binsa a baya. Rabonsa da shiga metro an yi shekaru, ko tikiti ba shi da shi, ya tsaya a gaban ƙofar ƙarfen yana dubanta. Ni na saya mana. Har muka canza jirgi muka isa Sevran bai ce min komai ba, sai sau ɗaya, yana kallon taga, ya ce, "Ni na koya masa tuƙi."

Washegari zan koma Lyon, yaron ya kira ni ya ce zai raka ni gar. Na so in ƙi. Ya zo ya ɗauki jakata, muka zauna a wani wurin shan kafe muna jiran jirgi. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Ubanka. A gaban bare. Ko kunya ba ka ji ba?"

Ya ce, "Gwaggo, na ji. Har yanzu ina ji."

"To me ya kai ka?"

Ya juya kofinsa a kan tebur. Ya ce shekara nawa Malam na Garwa bai ga 'ya'yansa ba sai a waya, kullum Baba na cewa bari kwantenar nan ta tashi. Direban Chadi bayansa ya lalace, likita ya hana shi ɗaukar nauyi, Baba ya ce ai shi ma da ciwon gwiwa ya gina depo. Sun yi masa magana ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa ya same shi a gida sau da yawa, Baba ya ce yaron da aka haifa a Faransa bai san wahala ba.

Na ce, "Sai ku haɗa baki a bayansa?"

"Ba mu haɗa ba, wallahi. Na san za a ba da sunan Malam, amma na ɗauka uku zai samu ko huɗu, Baba ya ji tsoro kaɗan ya sassauta. Kowa haka ya ɗauka. Sai da aka karanta na ga inda abin ya kai." Sannan ya ƙara da faransanci, ya maimaita da Hausa don in ji da kyau, "Shi ya ce yana son kalmar, Gwaggo. An gaya masa abin da ke cikinta, kina wurin."

Ina wurin kuwa. Na lura da hannayensa a kan tebur, duk sun yi kanta, farce ɗaya ya yi baƙi inda duro ya danne shi. Ban yafe masa a ranar ba, amma na karɓi jakata daga hannunsa ba tare da na fizge ba.

Ban daɗe da komawa ba Yaya ya kira ni ya ce in zo, za mu koma wurin kontabul. Muryarsa ta dawo da ƙarfinta. Ya yanke shawara. Zai fita, ya karɓi rabonsa, ya kama wani depo ko da ƙarami ne, ya sayi mota ɗaya kamar farko. Mutane shi suka sani, shi za su bi. Su kuma su nemi wani suna, don zai tafi da nasa.

Kontabul ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce fita dai yana iya fita, kuma abin da ya zuba za a mayar masa bisa ƙa'ida. Sabon kamfani ma ba mai hana shi buɗewa. "Amma sunan na kamfanin nan ne, Alhaji, ba naka ba ne kai kaɗai. Kuma in ka buɗe naka, kai kaɗai, ba ka da ikon rubuta kalmar a jikinsa. Dokar da ta hana ka da, ita za ta sake hana ka."

"Su su riƙe, ni a hana ni?"

"Su koperatif ne."

Na ɗauka zai yi faɗa, har na gyara zama. Bai yi ba. Ya jingina da kujera, ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban baƙo ba. Kansa duk furfura. Ban san ta yi yawa haka ba. Ni kaina abin ya fi ƙarfin tunanina, a ce mutum ya ɗauko suna daga ƙofar gidan ubansa, ya tsallako teku da shi, ya rubuta shi da kuɗin guminsa, sannan a ce in ya fita sunan ba zai bi shi ba. Muka fito, ya ce in tafi kada jirgi ya bar ni.

Bai buɗe sabon depo ba, bai kuma sa hannu a takardar fita ba. Ya zauna a gida. Matarsa ta ce min daga masallaci sai falo, ya kunna telebijin ba ya kallo. Ɗan ya kwashe kayansa ya koma wurin wani abokinsa, don gidan ya yi musu ƙunci. Malam na Garwa kuwa kowace Juma'a bayan salla sai ya hau jirgi ya zo Sevran gaisuwa. Da farko Yaya ya ce a ce ba ya nan. Dattijon ya gaida matar gida a bakin ƙofa ya koma, Juma'a ta zagayo ya sake zuwa. Ban san ranar da aka buɗe masa ba, ban kuma san abin da suka ce wa juna ba. Na dai ji cewa ya gaya wa Yaya masu kawo kaya na tambayarsa, tsofaffin mata musamman, wasu har sun koma da durorinsu don ba su ga Alhaji ba.

Da sanyi ya wuce Yaya ya koma depo. Ba a matsayin shugaba ba. Aka sa masa tebur a bakin ƙofa, shi ke karɓar mutane, ya gaisa da su doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya yi ciniki. Malam na Garwa ba ya wuce teburin bai rusuna ba. An daina lodi ranar Lahadi, ana zuwa hutu bi da bi, Malam ya je Garwa ya dawo da ƙiba. Kasuwa ba ta faɗi ba, ba ta kuma yi wani tashin a zo a gani ba. Wani lokacin ana ɓata rabin yini ana gardama a kan abin da Yaya zai yanke cikin numfashi ɗaya, ya zauna yana jinsu yana kaɗa ƙafa.

Tsakaninsa da ɗansa ne abin bai warke ba. Suna aiki wuri ɗaya, yaron ya gaishe shi da safe, ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri.

Kwanakin baya mota ta zo Lyon kwasar kaya, na fito, sai na ga mutum biyu a gaba. Yaya ne a gefen direba. Wai wanda zai rako yaron ba shi da lafiya, Malam na Garwa ya roƙi Alhaji ya taimaka. Na tambayi yaron a ɓoye me suka tattauna a hanya mai tsawo haka. Ya ce ba komai, rediyo suka ji.

Suka yi lodi, yaron na ɗauka, uban na tsaye yana nuna inda za a sa. Da suka gama na kai su gida na zuba musu tuwo a kwano ɗaya, da gangan, na ce sauran kwanukan ba a wanke ba. Yaya ya dube ni, ya san ƙarya nake. Ya wanke hannu ya zauna. Suka ci ba magana. Can ya tura naman da ke gabansa zuwa ɗaya gefen kwanon, ya ce da ni, ba da shi ba, "Gaya masa ya ci da kyau, shi zai tuƙa mu koma."